Zanen Inna Tumba

Duk yarinyar da ta yi sallama gidana a nan Kaura tana so in sa ta a fim, hotunan bango take fara kallo. Ni kuma akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado nake fara nuna mata. Takan zo ta ci ado, ta sha turare, ta riga ta koyi karkata kai irin na masu ɗaukar hoto, a ganinta aikin bai wuce a saka leshi a zauna a falo a zubar da hawaye ba. Sai in jawo akwatin in buɗe. Wuƙar katako ce a ciki, da kwalaben jini, da igiya, da wata tsohuwar waya da aka naɗe da jan salatif, sai wani zane da ya koɗe har ba a gane launinsa na asali. A nan murmushin yake raguwa. Wata ma ta ɗaga zanen da yatsa biyu ta tambaye ni ko na goge takalmi ne. Na ce ta ninke shi yadda ta same shi, ta nemi wuri ta zauna, tunda ta kawo kanta sai ta ji.

Ni dai a duk shekarun da na yi a gaban kyamara ba a taɓa sa mini lalle an ce ni ce amarya ba. Finafinan da na yi na tashin hankali ne, irin waɗanda mutum yake kallo yana waiwayen ƙofa. Na zuba wa mutane guba a fura, na ɓoye gawa a rumbu, na fito uwar 'yan fashi, na fito ungozomar da ke sayar da jarirai. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kalli ko ɗaya ya kai ƙarshe ba. Takan ce, "Rabi, ɗiyan mutane duk suna hitowa na kirki, ke mi kinka yi musu?"

Aikina na farko gawa ce. Lokacin ina bin Malam Ɗanjuma, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya tara matasa yana koya musu wasan kwaikwayo a zauren bayan tasha, kuma duk mai shirya fim da ya zo yankin nan wurinsa yake neman 'yan wasa. Na daɗe ba abin da nake yi sai ɗaukar akwatin nan da wankin kaya, kafin ya ce in kwanta a gefen tsohon layin dogo, an kashe ni. Na ji haushi, don a zatona magana za a ba ni. Rana tsaka aka kwantar da ni a kan tsakuwa, aka zuba mini jini a wuya, aka ce kar in motsa. Jinin nan kuwa da sukari ake haɗa shi. Kafin mai kyamara ya gama gyara tsayuwarsa cinnaku sun samu labari. Suka bi ta wuyan riga, ƙuda ya sauka a leɓena, ga tsakuwa tana gasa mini baya, ga wanda ya fito a mijina yana kuka a kaina yana manta maganarsa ana sakewa. Da na ɗan murza yatsan ƙafa sai na ji muryar Malam daga bayan kyamara: "Gawag ga na da rai. A sake." Bayan wannan ya sa kullum nake kwanciya a zauren da ɗan dutse a kan cikina, in ya ga dutsen ya ɗaga, to ban mutu ba. A haka na koyi ajiye numfashi a ƙasan ƙirji, da sakin fatar ido ba tare da ta yi rawa ba.

Jinin kansa iri biyu ne, shi ya sa kwalbar ba ɗaya ba ce. Zoɓo ake dafawa ya yi kauri, a dama sitaci a ciki, wannan na sabon rauni ke nan. Na gawar da ta kwana sai an ƙona sukari an zuba ya yi duhu. Wanda ya musanya su, mahaucin farko da ya kalli fim ɗin zai yi masa dariya. Wuƙa ta katako ce an shafa mata fentin azurfa, amma in kika riƙe ta kamar katako kowa zai gane, sai kin ba ta nauyin ƙarfe a wuyan hannunki. Igiya kuwa akwai ƙullin da Malam ya koya mini, a ido ya ɗauru tam, amma babban yatsa kaɗai ke warware shi. Ban taɓa yarda a ɗaure ɗan wasa ba sai na ga ya kwance kansa da kansa a gabana, domin na taɓa ganin wani ya sume a hannun wasu da suka yi masa ƙullin gaske suka tafi cin abinci.

Ranar da aka fara ba ni muguwar mata, na zo da ƙarfina. Na zare ido, na ɗaga murya, na yi dariyar mugunta har da riƙe ƙugu. Malam ya bari na gama, sannan ya ce, "To, mun ga aljana. Yanzu muna son mu ga mutum." Ya ce in tuna waɗanda suka taɓa ba ni tsoro da gaske, in ga ko akwai wanda ihu ya yi mini. Na duba, ba ko ɗaya. Ya ɗauko tsintsiya ya zare tsinke ya miƙo mini, ya ce in faɗi maganar a hankali kamar ina tayin tumatir, hannuna kuma yana karya tsinken kaɗan-kaɗan. Na yi, sauran 'yan wasan da ke zauren suka yi tsit. Tun daga ranar duk muguwar da zan fito sai na sama wa hannunta aikin yi, ko tsinke, ko tsintar shinkafa, ko ɓarar gyaɗa, bakin kuma yana faɗin abin da ba ya faɗuwa.

Masu shirya fim su ke kiranki aiki, amma 'yan kallo su ne iyayen gidanki, kuma ba duka ne ke raba ki da matar da kika fito ba. A kasuwar Shinkafi wata mai daddawa ta janye tirenta ta ce ba ta sayar wa mai kashe jarirai. Wani direba a tashar Zurmi ya ƙi tayar da mota sai da na tashi daga bayansa na koma kujerar da zai riƙa ganina a madubi. Irin wannan ba ya damuna, har daɗi nake ji, alama ce aikin ya shiga. In na ba Malam labari sai ya yi ta dariya, ya ce ai wannan ita ce lambar yabona.

Akwai ƙa'idarsa guda da duk wanda ya tashi a hannunsa ya ɗauka: ba a ɗaura wa matar ƙauye sabon zane. Kyamara tana tona asirin sabon kaya, karin ninki yana fitowa, launi yana ƙyalli, mai kallo ya gane daga shago aka ɗauko. Don haka in mun je gari ɗaukar fim, a gidan da muka sauka muke aron kaya. Zanen da ya sha hayaƙin murhu, ya sha goyo, ya sha wanki da sabulun salo, shi ke zama a jiki kamar naki. In an gama a wanke, a mayar, a yi godiya. Haka muka yi shekara da shekaru ba wanda ya ga aibin abin, har ni.

Aikin da nake so ku ji labarinsa shi ne na matar da ke kai wa masu garkuwa da mutane rahoto. Malam ya riga ya rasu a lokacin. Wani darakta ne mai suna Sani ya zo daga Kano da labarin, dabararsa kuwa ita ce ba za a nuna fuskar matar ba sai a ƙarshen fim. Bayanta kawai za a riƙa gani, da hannunta, da ƙofar ɗakinta, a ji muryarta, mai kallo ya yi ta zargin kowace mace a garin. Yana son ɗaki na gaske, ni kuwa na ce ina da shi. Inna Tumba aminiyar mahaifiyata ce, tana zaune a wani ƙauye gaba da Gurbin Bore, mijinta ya rasu, ƙuli-ƙuli take yi tana sayarwa a ƙofar gida. Hanya ba ta lalace sosai ba a lokacin. Muka je mu kaɗan da damina, maza duk suna gona, maigari ya ba mu izini, muka shiga gidan kamar baƙinta.

Ƙofar ɗakinta ta kwano ce mai shuɗin fenti, an yi mata faci da gwangwanin madara daga ƙasa. Sani na ganinta ya ce kar a taɓa komai. Na ce Inna ta ara mini zane, ta kwance na jikinta ta ba ni, wannan da ke cikin akwati, ta ɗaura wani. Na sa ƙwallon dabino a kowane kunci don muryar ta yi nauyi irin ta tsofaffi, na tsuguna a bakin ƙofa na ba kyamara baya, wayar nan maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tsinke a hannu. Maganar ba ta da yawa: "Ya dawo. Shi ɗai na cikin gida. Ku biyo ta bayan rijiya, na ɗaure karen." Tun hantsi muke maimaita ta har la'asar, saboda akuyar Inna ba ta son fim, da zarar an ce a fara sai ta amsa. Muka gama, na wanke zanen na shanya mata, ta cika mana leda da ƙuli-ƙuli muka taho.

Fim ɗin bai fito da wuri ba, tallarsa kawai aka saki. Sai ga shekarar nan da ta zo mana da abin da kowa ya sani. Abin da muke kwaikwayo ya zama abin da ake kwana ana tashi da shi, aka rufe kasuwanni, aka ɗauke sabis ɗin waya. Ba mai shirya fim da zai tako yankin nan, ba kuma wanda zai zauna kallon garkuwa a waya alhali ɗan uwansa yana daji. Na rufe akwati na tura ƙarƙashin gado, na koma suyar awara a ƙofar gida. Tunda ba sabis, abin kallo sai a wurin masu turi, daga wannan waya zuwa waccan, kuma a irin wannan yawo ne wani ya yanke tallar fim ɗinmu. Ya cire sunan fim, ya cire kiɗan, ya bar tsohuwa tsugune a bakin shuɗiyar ƙofa tana kiran ɓarayi.

Ni ban sani ba sai wata Laraba da Hassi, 'yar Inna Tumba, ta faɗo mini gida ko sallamar kirki babu. Na nuna mata tabarma ta ƙi zama.

"Yaya Rabi, ki taho ki hidda Inna," ta ce. "An ce ita ka kiran mutanen daji."

Na ce wa ya faɗa, ta ce ba wanda ya faɗa, gani aka yi. Ta ciro waya ta nuna mini. Na ga bayana, na ji muryata. A kwanakin an shiga garinsu an ɗauke ƙanen wani mutum mai suna Mamman, kuma ta bayan rijiya aka shigo. Wane gari ne ba shi da rijiya? Amma ga ƙofar da kowa ya sani, ga zanen da kowa ya saba gani a gaban tiren ƙuli-ƙuli. Na ce ai mutanen garin sun san mun je. Hassi ta ce maigarin da ya ba mu izini ya rasu, ɗansa ne a kai yanzu. Maƙwabta da yawa sun yi hijira, waɗanda suka cika garin kuma daga ƙauyukan da aka tasa suka zo, ba su san komai ba. Matan da suka tuna zuwanmu sun faɗa, aka ce su yi shiru, 'yar uwarsu suke rufa wa asiri. 'Yan sa-kai sun so su tafi da Inna, sabon maigari ya roƙa aka bar ta zuwa bayan sallar Juma'a ta fita garin da ƙafarta. Ni da Hassi duk mun san tsohuwar da aka kora da wannan suna ba za ta kai gari na gaba ba.

Cikakken fim ɗin yana wurin Sani a Kano, ba waya, ba kuma lokacin da za a je a dawo. Abin da nake da shi akwatin nan ne kawai. Na ɗauki wayar wasa da dabino na ƙulle a bakin mayafi, na zura dogon hijabi da niƙabi don kar wani ya gane ni a mota, washegari da safe muka kama hanyar Zurmi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiya ba, kuma ba tsoron daji kaɗai ba ne. Zan je in tsaya a gaban mutanen da aka ɗauke wa ɗan uwa in ce musu muryar da suke nema tawa ce.

Na samu Inna zaune a tsakar gida, ta ɗaure 'yan kayanta a ƙunshi ɗaya ta ajiye a gefe. Ta rame. Ta dube ni ta ce, "Rabi, kin sha hanya." Zanen yana wurin maigari, an karɓe shi a matsayin shaida. Na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana da sana'ata. Matashi ne, kana ganinsa ka ga wanda barci ya ƙaurace wa. Ya ce, "Hajiya, ko ni na so shi zan wasa na. Amma hwaɗi da baki bai isa ba, kowa na iya tahowa shi ce shi na." Na ce ba da baki na zo ba. A ba ni zanen, a tara mutane a gidan Inna, a kuma zo da wayar da ke da bidiyon.

Bayan azahar gidan ya cika. Maza a tsakar gida, 'yan sa-kai da bindigoginsu a jikin rumbu, mata sun leƙo ta saman danga. Mamman yana gaba, dogo, idanunsa jajur. Na sa aka kunna bidiyon kowa ya sake gani. Sannan na jawo turmi na kife shi daidai inda kyamara ta tsaya a wancan karon, na roƙi maigari ya zauna a kai, domin daga nan ne za a ga abin yadda yake a waya. Na shiga ɗaki na cire hijabi, na ɗaura zanen, na yi ɗaurin kallabi irin na Inna, na sa dabino a kunci. Na sunkuya na zare tsinke daga tsintsiya. Sai na yi abin da na koya a kan tsakuwar layin dogo, na saukar da numfashi ƙasa na bar shi can.

Na fito da baya, na tsuguna a bakin ƙofa, na maƙale waya a kafaɗa. Na bar shirun ya ɗan yi tsawo yadda na yi a fim, sannan na karya tsinken.

"Ya dawo," na ce. "Shi ɗai na cikin gida. Ku biyo ta bayan rijiya, na ɗaure karen."

Wata mata a bayan danga ta yi salati. Na juyo, na tofar da ƙwallon dabinon a tafin hannu na nuna musu, ga Inna kuma zaune a gefe kusa da ƙunshinta, bakinta a rufe. Maigari ya dubi wayar da ke hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Ita ta, wallahi."

Na ɗauka an gama. Sai Mamman ya tako gaba.

"To ashe ke ta," ya ce. A hankali ya faɗa, kuma na riga na gaya muku abin da na sani game da masu magana a hankali. "Ke kinka kira su. Kin taho da ƙahwarki."

Na ji 'yan sa-kai sun gyara tsayuwa. Ban yi gardama ba, na miƙa masa wayar da hannu biyu na ce, "Malam Mamman, ga wayar da na kira su da ita. Dubi jan salatif ɗin, shi ne a bidiyon. Buɗe bayanta." Ya warware salatif ɗin, ya ɓalle murfin da farce. Ba batir, ba layi, guntun soson silifa ne Malam Ɗanjuma ya yanka ya cusa a ciki tun shekarun baya don ta daina ƙara kamar gwangwani. Mamman ya ciro shi yana juyawa.

A nan Inna ta yi magana. Daga baya Hassi ta ce mini rabonta da doguwar magana tun ranar da abin ya fara.

"Mamman, a gabana anka haihe ka," ta ce. "Wayag ga ko kaza ba ta kira. Tun hantsi ɗiyag ga take tsugune nan tana hwaɗin magana guda, wani ɗan Kano mai gajeren wando shina cewa a sake, a sake. Akuyata ta hana su sakat, sai da na ja ta na kai gidan Abu."

"Awo," muryar Abu maƙwabciyarta ta amsa daga bayan danga. "Gidana anka kai ta. Ta cinye min dussa tas, ta haɗa da igiyar shanya."

Wani ya tuntsire da dariya, wani ya kama, har cikin 'yan sa-kai. Ni kuwa na zauna a ƙasa ina ta hamdala. Daɗin da na ji da dariyar nan ban taɓa jinsa a kan wani yabo da aka yi mini a sana'ar nan ba.

Mamman bai yi dariya ba. Ya mayar da soson cikin wayar, ya rufe, ya miƙo mini. Ya je gaban Inna ya durƙusa ya ce ta yafe masa, ta ce ta yafe. Da zai fita ya tsaya a bakin zaure ya ce, ba da kowa yake ba, "To wa ya kira su?" Dariyar ta tsaya. A fim ne kawai ake nuna fuskar mai laifi a ƙarshe. Maigari ya yi addu'a Allah ya dawo da wanda aka ɗauke, aka shafa, ya ce Inna ta kwance kayanta.

Da mutane suka watse na wanke zanen kamar yadda aka koya mini, na shanya, ya bushe na ninke na kai mata. Ba ta karɓa ba. Ta ce, "Da shi na goyi Hassi, da shi na goyi ɗiyan Hassi. Amma yanzu in na gan shi, bayan matag ga nika gani. Tahi da shi." A kan wannan maganar ce hawaye ya zo mini, na gaske, ni da sai na shafa man zafi a ƙasan ido nake kuka.

Da sabis ya dawo na kira Sani na gaya masa. Ya sake ɗaukar wannan ɓangaren a wani ɗaki da aka gina don fim, aka cire shuɗiyar ƙofa gaba ɗaya. Ƙanen Mamman ma ya dawo gida da ransa bayan an sha wahala. Ni kuwa tun daga nan ban ƙara aron zanen kowa ba, ban kuma ƙara yarda a ɗauki wasan mugunta a ƙofar da wani ke kwana a bayanta ba. Malam yana da gaskiya, sabon zane ba ya ɓoyuwa a kyamara, don haka yanzu ni nake tsufar da shi da hannuna. In jiƙa shi a ruwan toka, in dirje shi a kan dutse, in rataye shi a saman murhu ya sha hayaƙi, in bar shi a rana, in ɗiga masa man gyaɗa a inda mace ke goge hannu, in ɓarke bakin da reza in ɗinke da zare mai wani launi. Yana cin makonni. In ya kammala kowa zai rantse ya san mai shi, amma ba gidan da za a je a same ta. Yawancin kiran da ake yi mini yanzu ma na wannan aikin ne, fitowa a fim sai jefi-jefi, gwiwa ta fara ƙin tsuguno.

Shi ya sa duk wadda ta ce tana so ta koya, ba magana nake fara ba ta ba. Sabuwar atamfa nake miƙa mata da bokitin toka, in ce ta dawo mini da ita ta tsufa. Da yawa ba sa dawowa. Wadda ta dawo hannunta ya yi kaushi, sai in kwantar da ita a tsakar gida in ɗora mata dutse a ciki.

Inna Tumba tana nan a ɗakinta, ƙofar ce kawai ta sa aka yi wa koren fenti. Da ƙaramar sallar da ta biyo baya na je mata da sabon zane dal. Ta warware shi, ta shinshina, ta gwada a ƙugu, ta kira Abu ta leƙo ta gani. Sannan ta dube ni ta gefen ido.

"Na gode, ɗiyata, Allah shi yi miki albarka," ta ce. "Amma in ya tsuhwa, kada in gan ki."

Ta cika mini leda da ƙuli-ƙuli, ta raka ni har bakin hanya.